Sa'a Ɗaya Bayan Haihuwa: Lacca Ga Ɗaliban Ungozoma Masu Shirin Fita Aiki

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a ajin ɗaliban ungozoma 'yan shekarar ƙarshe. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ku matso gaba, na baya ba za su ga kayan da ke kan teburin nan ba.

Nan da 'yan watanni za ku rubuta jarrabawar ƙarshe, ku karɓi lasisi, a rarraba ku. Kaɗan daga cikinku ne za su faɗa babban asibiti. Tun da aka fara shirin tura ungozomomi karkara a 2009, inda aka fi buƙatarku shi ne ƙaramin asibitin ƙauye, inda dare zai yi daga ke sai ma'aikaciya ɗaya, likita mafi kusa kuma sai an yi tafiyar awa guda ko biyu. A asibitin koyarwa in jini ya ɓalle, kin saba ki ɗaga murya ki kira babba. A can ke ce babbar. Don haka yau zan tsaya a kan abu ɗaya, wato zubar jini bayan haihuwa, musamman sa'ar farko, domin a nan ne aikin ungozoma mai zaman kanta yake fitowa fili. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan miliyan 14 ne ke samun wannan zubar jini kowace shekara, kimanin 70,000 kuma suna rasa ransu.

Mu tuna dalilin gaggawar. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa a minti ɗaya yana kai mililita 500 zuwa 700. Da mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa, jijiyoyin da ke wurin a buɗe suke, ba mai ɗaure su sai tsokar mahaifar kanta idan ta dunƙule ta matse su. In ba ta dunƙule ba, ku yi lissafi da kanku: minti nawa za a ɗauka kafin lita biyu ta ƙare? Ga kuma matanmu da yawa da ƙarancin jini suke shigowa ɗakin haihuwa, saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa da kusa. Jinin da mai lafiya za ta zubar ta tashi ta yi wanka, shi zai kwantar da wadda ma'aunin jininta ke giram 7.

Kariya tana farawa tun jini bai zo ba. Kowace mace, ko haihuwarta ta goma ce ko ta fari, za ki yi mata allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta dunƙule, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri. Amma kafin allurar ki shafa cikin ki tabbatar babu wani jaririn a ciki, don a ƙauye za ki sha karɓar macen da ba ta taɓa hoton ciki ba, ba wanda ya san tagwaye ne. Allurar a zuƙe take tun kai bai fito ba, tana ajiye cikin faranti. Wadda ta tsaya neman sirinji bayan jariri ya faɗo ta riga ta makara.

Nan akwai wata matsala da littafi ba ya yawan tsayawa a kai. Oksitosin ba ya son zafi. Ma'ajiyarsa firji ce, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yi watanni a aljihun tebur a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, ruwanta garau yake, ranar lalacewarta ba ta zo ba, amma ƙarfinta ya ragu. Ke kin yi allura kin samu natsuwa, mahaifa kuwa ba ta ji komai ba. Saboda haka ranar da kika isa wurin aiki, ki tambaya ina ake ajiye shi, daga ina aka sayo, a cikin me aka kawo. In babu firjin da za ki amince da shi, misofurostol maikurogiram 600 a baki, ƙwaya uku ke nan 'yan 200, shi ne madadin. Akwai kuma kabetosin mai jure zafi, maikurogiram 100, in jiharku ta samar da shi, sai dai shi na kariya ne kawai, ba a maganin jinin da ya riga ya ɓalle da shi.

Sai fitar da mabiyiya. Ki jinkirta yanke cibiya minti ɗaya zuwa uku in jariri yana numfashi. Ki jira mahaifa ta dunƙule, ki sa hannu ɗaya a saman ƙashin mara kina tura mahaifa sama, ɗaya hannun yana jan igiyar cibiya ƙasa a hankali. In kika ji ba ta biyo ba cikin daƙiƙa 30 zuwa 40, ki sassauta, ki jira wani matsewar. Kuskure biyu ake yi a nan. Wata ta ja da ƙarfi igiya ta tsinke. Wata kuma ta ja ba tare da hannun da ke tokare mahaifa ba, ko ta ja mahaifa tana sake, sai mahaifar ta juyo ciki ya koma waje, mace ta suma nan take. Da mabiyiya ta fito, ki shimfiɗa ta a faranti ƙarƙashin haske, ki haɗa ɓangarorinta ki ga ko akwai giɓi, ki ɗaga tantanin ki duba ko wata jijiya ta miƙe zuwa gefe ta yanke, wanda ke nuna an bar wani yanki a ciki. Dangi za su matsa a ba su su je su binne. Ki ce, "Inna, a ɗan yi haƙuri in duba," minti biyu ne.

To, yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Ido ba ya auna jini. Ƙwararriyar da ta shekara ashirin tana aiki ma, in ta kalli zane ta ce mililita 300 ne, sau da yawa ya haura haka nesa, domin zanin atamfa mai duhu yana shanye jini, katifa tana sha, wani ya gangara ƙarƙashin bayan mace. Wannan ledar da ke hannuna ita ce maganin gardamar. Ku ga yadda ƙasanta ya tsuke kamar mazurari, ga layukan awo a jiki. Bayan jariri ya fito, kafin mabiyiya, za ki zura ta ƙarƙashin ɗuwawun mace, ki ɗaura igiyarta a ƙugu, ki bar jakar ta sauko a bakin gado. In kika sa ta tun ruwan faya bai gama zuba ba, awon ya ɓaci. In kika bar jakar kwance a kan katifa, ba za ki iya karanta layin ba. Za ta zauna aƙalla sa'a ɗaya, kina dubawa duk bayan minti 15, tare da bugun jini da awon hawan jini da taurin mahaifa.

Wannan ba ra'ayin wani ba ne. An gwada shi a binciken E-MOTIVE da aka fitar da sakamakonsa a 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororinsa. Inda aka yi aiki da ledar, an gano zubar jini a kashi 93 cikin ɗari na matan da suka same shi. Inda aka bar wa ido, kashi 51 kawai aka gano, kusan rabi ke nan sun wuce ba a lura ba. Da aka haɗa awon da bayar da magunguna gaba ɗaya, mummunar zubar jini da tiyata da mutuwa saboda jini, in an ƙirga su a haɗe, suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ƙa'idar da suka bi ita ce: jini ya kai mililita 500, a fara magani. Ko ya kai 300 amma akwai wata alama, kamar bugun jini ya haura 100, ko awon sama, wato lambar sama ta awon hawan jini, ya sauko ƙasa da 100, ko mahaifa ta ƙi tauri, nan ma a fara.

"A fara" ɗin nan shi ne ya bambanta da yadda aka koyar da na gabanku. A da, sai a murza mahaifa a jira, a yi allura a jira, in bai tsaya ba a ɗauko wani abin. Kowane jira jini ne. Yanzu duka ake yi a tare, cikin minti 15.

Ki kira duk wanda ke kusa, ko mai gadi ne, ya riƙe fitila, wani ya kira direba. Hannunki a kan mahaifa, ki murza ta har ta yi tauri kamar ƙwallo, ki matso gudajin jinin da ke ciki, don mahaifar da ke cike da gudaji ba ta iya dunƙulewa. Ki sa robar fitsari. Wannan ƙaramin abu ana yawan mantawa da shi, alhali cikakkiyar mafitsara tana ture mahaifa sama zuwa gefe ta hana ta matsewa. In kika ji mahaifa ta haura cibiya ta karkata dama, fara zargin fitsari. Ki sa babbar allurar ƙarin ruwa, lamba 16 mai ruwan toka ko 18 koriya, tun jijiyoyi ba su ɓuya ba, in da hali biyu. Oksitosin yunit 10 a cikin ruwan gishiri mililita 500, ya shiga da sauri cikin kamar minti goma, sannan yunit 20 a cikin lita ɗaya ya tafi a hankali tsawon awa huɗu. Kada ki tura oksitosin tsurarsa cikin jijiya da sauri, yana faɗar da awon jini. Ruwan da za ki ƙara na gishiri ne ko Ringa. Ruwan sikari ba ya zama a jijiya, ba zai maye gurbin jini ba.

Sai tiranekzamik asid, giram 1, wato mililita 10, a jijiya, mililita ɗaya kowane minti, minti goma ke nan. Aikinsa hana gudajin da jiki ya riga ya haɗa narkewa, shi ya sa ake bayar da shi ko mene ne sanadin jinin, sakin mahaifa ne ko yagewa. Binciken WOMAN na 2017, a kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa saboda jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an bayar cikin awa uku. Ku lura, daga lokacin haihuwa ake ƙirga awa ukun, ba daga lokacin da mace ta shigo hannunki ba. Wadda ta haihu a gida da asuba aka kawo ta da hantsi, tambayar farko ita ce ƙarfe nawa jaririn ya faɗo. In ba su san ƙarfe ba, ki tambaya kafin kiran salla ne ko bayan an idar. Jini bai tsaya ba bayan minti 30, ki ƙara giram ɗaya.

In mahaifa ta ci gaba da sakewa, ga misofurostol maikurogiram 800 ƙarƙashin harshe, ƙwaya huɗu. Za ta yi rawar sanyi, jikinta ya yi zafi, ki gaya wa dangi tun kafin su firgita. Ga agometirin miligiram 0.2 a tsoka, yana aiki sosai, amma haramun ne ga mai hawan jini ko ciwon zuciya, kuma ba a yinsa mabiyiya tana ciki. Wadda ba ki auna ba, ba ki san ko tana da hawan jini ba.

Duk wannan yana tafiya ne kina neman sanadi. Kusan bakwai cikin goma sakin mahaifa ne. Amma in kika taɓa kika ji mahaifa da tauri, jini ja wur yana ta tsiyaya, to yagewa ce, ko ki zuba oksitosin kwali guda ba zai tsaya ba. Ki samu haske mai kyau, ki duba daga waje zuwa ciki, ki fara ɗinki daga kamar santimita ɗaya sama da ƙarshen yagewar, domin jijiyar da ta tsinke takan ja da baya ta ɓuya a can. Yagewar da ta kai tsokar dubura, ko ta bakin mahaifa da ba ki iya ganin ƙarshenta, ba ta wurinki ba ce: ki danne, ki tura. In mabiyiya ta ƙi fitowa bayan minti 30 kuma jini yana zuba, za ki sa doguwar safar hannu ki cire ta da hannu, bayan maganin zafi da ampisilin giram 2 a jijiya. Gefen tafin hannu ne ke bi tsakanin mabiyiya da bangon mahaifa a hankali. In kika nemi wurin rabuwa kika rasa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, ki fitar da hannunki. Mabiyiyar ta shige cikin tsoka, fizgarta na iya kashe mace a gabanki.

Rashin daskarewar jini kuma ana gwada shi ba tare da ɗakin gwaji ba. Ki ɗebi mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi, ki riƙe a dunƙulen hannu don ɗumi, bayan minti huɗu ki karkata ki gani, sannan kowane minti. Minti bakwai bai daskare ba, ko ya yi guda mai taushi da ke wargajewa, wannan jini take buƙata, ba ki da shi. An fi ganin haka ga wadda mabiyiya ta rabu tun kafin haihuwa, ko ɗa ya daɗe da mutuwa a ciki, ko mai jijjiga.

Yaushe za ki tura? Kada ki jira awon jini ya faɗi. Mace mai ƙuruciya jikinta yana riƙe awon har ta zubar da jini mai yawa, sannan ya rushe lokaci guda. Bugun jini ne ke fara tona asiri. Ki raba bugun da awon sama. Bugu 110, awon sama 100, ya ba ki 1.1. Daga 0.9 zuwa sama, mota ta fara shiri, ko da matar tana yi miki hira. Wadda ta fara cewa ƙishirwa take ji, tana hamma, tana juye-juye, tafin hannunta ya yi sanyi, ta yi nisa.

Kafin mota ta zo da kuma a cikinta, hannu ne zai riƙe rai. Ki dunƙule hannu ɗaya cikin farji a gaban bakin mahaifa, ɗayan a kan ciki ya kamo bayan mahaifa, ki matse ta tsakaninsu. Da gajiya, minti biyar ma hannu zai fara rawa. In ba za ki iya ba, ki danna babbar jijiyar ciki da dunƙulen hannu, sama da cibiya kaɗan ta hagu, ɗaya hannun yana laluben bugun matsematsin cinya; in bugun ya ɓace, dannawar ta yi. Wannan za ki iya nuna wa mataimakiyarki ta karɓe ki. In kuna da rigar nan mai matse jiki da ake ɗaura wa wadda ta zubar da jini sosai, daga idon sawu ake fara ɗaura ta, a hau ƙwauri da cinya da ƙugu, ƙwallon ya zauna a kan cibiya. Ba a kwance ta a hanya, ba a kwance ta don a leƙa. Sai a babban asibiti, bayan mace ta daidaita awa biyu, daga ƙasa, ana jiran minti 15 tsakanin kowane ɓangare. Ki bi ta da kanki, ruwa yana tafiya, jaririn yana tare da ita, da takarda mai ɗauke da lokacin haihuwa, jinin da aka auna, kowane magani da ƙarfen da aka yi shi. Ki kira asibitin tun kuna hanya.

Akwai abin da ba a gyara shi da dare. Maigida ya tafi ci-rani, uwar miji ta ce ba za a fita da ita ba sai da izininsa, waya ba ta shiga. Wannan magana ta ranar awo ce. Tun ciki yana wata bakwai ki nemi ganin mijin: "Malam, muna fatan a sauka lafiya, amma in Allah Ya kawo larura ba ka nan, wa ka wakilta? Wace mota za a kira? Su wa za su ba da jini?" Ki rubuta amsar a katinta. Lambar direbobi biyu ta kasance a jikin bango, a jihohi da dama akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar masu naƙuda. Ungozomar gargajiya ta garin kuma kada ki mai da ita kishiya. Ita ake fara kira, in kuna shiri za ta kawo miki mace da wuri. Za ki kuma ji ana cewa a bar jinin ya fita, dattin ciki ne. Ki nuna musu layin da ke jikin ledar, ya fi dogon bayani.

Na ga hannu a baya. Bismillah.

Wata ɗaliba ta ce: Malama, in mace ta zo da jijjiga kuma ta haihu tana zubar da jini, da wanne za a fara?

Madalla da tambaya. Numfashi tukuna: ki kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki. Sannan biyun a tare, don magniziyam salfet, maganin jijjiga, ba ya hana oksitosin, oksitosin ba ya hana shi. Kwalbar magniziyam da za ki samu mai ƙarfin kashi 50 ce. Ki zuƙi mililita 8, giram 4 ke nan, ki ƙara ruwan allura mililita 12, ya zama 20, ki tura a jijiya a hankali, kada ya gaza minti biyar. Sai giram 5, wato mililita 10, can cikin tsokar kowane ɗuwawu, da mililita 1 na lignokain mai kashi 2 a sirinjin don rage zafi. Jimla giram 14. Ko da tura ta za ki yi, ki yi wannan kafin ta hau mota. In za ta zauna a hannunki, giram 5 duk awa huɗu, ana sauya ɗuwawu, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura ki ƙirga numfashi, kada ya gaza 16 a minti, ki buga gwiwa ki ga ƙafa ta harba, fitsari kuma ya kai mililita 30 a awa. Ɗaya ya gaza, ki dakata. In numfashi ya tsaya, ki taimaka mata da jakar numfashi, ki tura kalsiyam gulukonet, makarin magniziyam, giram 1, mililita 10 na mai kashi 10, a jijiya a hankali.

Abin da ya haɗa tambayarki da darasin yau abu biyu ne. Magniziyam yana ɗan sassauta mahaifa, don haka irin wannan mace hannunki ba zai yi nisa da cikinta ba. Na biyu, wadda ta zubar da jini ƙodarta ba ta fitar da fitsari sosai, maganin kuwa ta fitsari yake fita, sai ya taru a jiki. Ita ce za ki fi sa wa ido a kan robar fitsari. Agometirin kuma, kin riga kin san amsa: jijjiga da hawan jini take tafiya, ba a ba ta shi.

Yanzu ku rabu uku-uku. Ɗaya ungozoma, ɗaya mataimakiya, ɗaya ta riƙe agogo da biro. Ga mutum-mutumin, ga ruwa mai launi a jarka, ga leda. Zan riƙa zuba ruwan ba tare da na faɗa muku adadinsa ba. Mai agogo ta rubuta mintin da ya taɓa layin 500, da mintin da tiranekzamik asid ya gama shiga. Rukunin da ya wuce minti 15 zai sake daga farko.